Fentin da Na Yi wa Kumbo

Aikin nan ya ci min gwiwa, ya rage min gani, kuma har yau ba wanda ya yarda aiki ne. Ɗaliban jami'a 'yan gida da suke zuwa ɗakina shan shayi bayan Juma'a, idan na ce musu kumbo nake kula da shi, dariya suke yi. Wani ya taɓa ce min, "Baba Haladu, ai wannan lilon yara ne. Ka danna, ya girgiza, ka buɗe ƙofa." Saboda irinsa na zauna na rubuta wannan. A aji huɗu na tsaya a Ringim, don haka wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara da kansa.

Kumbonmu ba ya zuwa sama, kwaikwayo ne. Amma girmansa girman na gaskiya ne, irin wanda yake kai mutane sararin samaniya ya dawo da su, a gyara shi ya sake komawa. Siffarsa kamar tukunya mai faɗin gindi da aka kife wa murfi. Jikinsa alminiyon, kujeru huɗu a ciki, yana zaune kan ƙafafu shida masu aiki da mai. Muna kai shi makarantu da manyan kantuna nan Madina, wani lokaci har Yanbu. A ɗora a tirela, a sauke, a haɗa, a kwance, a dawo da shi sito, a bi kowane noti da hannu. Ranar da mutum ɗari biyu suka shiga, ni na sunkuya sau ɗari biyu na ɗaura musu bel. Wannan shi ne lilon.

Ni asalina mai buga bodin mota ne. A nan suna ce mana samkari. A Kano na koya, shekara shida, wurin wani maigida da ba ya magana sai da guduma. Aikin farko da ya ba ni ƙofar wata tsohuwar tasi ce. Na buga na shafe, na kira shi. Bai duba ba. Ya ce in rufe ido in bi ta da tafin hannu. Na ji lotsa uku da idona bai gani ba. Ya ce, "Ido maƙaryaci ne. Koma." Kayan aikin ba su da yawa: guduma mai faɗin baki, da mai tsini, da dunƙulen ƙarfen da ake tokarewa ta baya, da sanfefa, da ma'ajun ɗin cike rami, da bututun wutar walda. Karatun kuma guda ɗaya ne. Idan mota ta bar hannunka, kada kowa ya gane ta taɓa haɗuwa da wani abu.

Da wannan karatun na yi shekara goma sha bakwai a garejin manyan motocin alhazai, hanyar Bi'ir Ali. Na tuna wata bas da direba ya goga wa ginshiƙin otal tun daga ƙofar gaba har fitilar baya, ana gobe masu duba motoci za su zo. Mu uku muka hau ta da sassafe. Kafin la'asar mai duba zai iya kallon gemunsa a jikinta. Haka ake so. Alhaji da ya taho daga ƙarshen duniya ba ya son hawa motar da ya ga tabo a jikinta. Daga bakin garejin muna jin su idan sun fito daga miƙati cikin farin harami, mota bayan mota, ana labbaika da kowane irin harshe. Idan na ji na 'yan gida ina ganewa tun kafin in ga tutar da ke gilashi. Ina ajiye guduma har su wuce.

Sai shekarar annoba ta zo. Motoci suka yi layi a fili har iska ta fita daga tayoyinsu. Kurciya ta yi sheƙa a bayan madubin wata. Hanyar da ba a iya tsallakawa, za ka iya shimfiɗa tabarma a tsakiyarta. Da aka fara buɗe gari, motocin da suka koma aiki ba su kai rabi ba, kuma motar da ba ta fita ba, ba ta gogar ginshiƙi. Manaja ya tara mu samkarai ya ce kowa ya nemi wanda zai karɓi iƙamarsa, wato takardar zama da aiki. Wanda bai samu ba kafin tasa ta ƙare, za a buga masa fitar ƙarshe.

Ku da kuka zo karatu ba ku san nauyin wannan ba. Takardar fita iri biyu ce. Akwai ta fita da dawowa, ka je gida ka ga mutanenka, aikinka yana jiranka. Akwai fitar ƙarshe. Ina da shekara arba'in da tara a lokacin, ba kamfanin da zai sake ɗauko mai irin shekaruna daga Najeriya. Mutum tara ne suke ci daga gudumata. Sau biyu na ga Ringim cikin shekarun nan, kuma ba wai ba na son in gan ta ba ne. Da takardar farko nake son zuwa. Saura kwana arba'in iƙamata ta mutu.

Malam Ilya, wani direba ɗan Damagaram da muke cin abinci tare, shi ya zo min da labari. Ya ce ya kai kaya wani sito bayan Ƙiblatain, ya tarar suna neman mai aikin ƙarfe.

"Wace irin mota?" na ce.

"Ba mota ba ce. Jirgin zuwa sama ne."

"Ilya, ba na cikin halin wasa."

"Ni ma da na gani na ɗauka tankin ruwa ne. Je ka dai. Injiniyan namu ne, yana jin Hausa."

Injiniyan sunansa Abdulƙadir, Bahaushen Sudan, dogo siriri mai furfura, Hausarsa rabi Larabci. Kowa muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci. Shi ya zana kumbon, shi yake yi wa yara bayani. Ya duba hannuwana kafin ya duba takarduna. Ya ce mai kamfanin ya yarda a gwada ni wata ɗaya. In ya gamsu a karɓi iƙamata, in bai gamsu ba halas, wato shi ke nan.

Tun ranar na ga abin da bai yi min ba. Saman kumbon fari ne, amma gindinsa baƙi ƙirin, kuma ƙuna ta hau jikinsa layi-layi, wani wuri ruwan ƙasa, wani wuri kamar bayan tukunya. Na ce a raina, wani mai walda ya yi sakaci a siton nan, an rasa mai gyarawa. Ban tambaya ba. Baƙo ba ya fara aiki da tona asirin wanda ya gada.

Koyon da na yi wurin muhandis a kan teburin shayi na yi shi. Ya ɗauki fulas ya kafa, ya ɗora kofi a kai. Usta yake ce min, wato gwanin sana'a.

"Ya usta, wannan fulas ɗin roka ce. Duk cikinta mai ne. Kofin nan shi ne kumbo, mutane suna ciki. Aikin roka ɗaya ne, ta ɗaga kofin ta ba shi gudu."

"Gudu ko tsawo?"

"To ka yi tambaya. Gudu. Tsawon ba wani abu ba ne, bai fi nan da Makka ba. Amma in ba ka da gudu faɗowa za ka yi. Sai ka yi gudun da za ka zagaye duniya cikin awa ɗaya da rabi, sannan ka zauna a can."

Ya ce rokar hawa biyu ce. Ta ƙasa, babbar, minti kaɗan take ci, manta ya kusa ƙarewa, sai ta saki ta sama ta ci gaba da kumbo. A da wannan babbar faɗawa take yi cikin teku, an yi asararta ke nan, kowace tafiya sai an ƙera sabuwa. Ya ce in ƙaddara bas ta kai alhazai Makka sau ɗaya sai a tura ta rami. Yanzu kuwa tana rage ɗan mai. Ta juya, ta sake kunna inji don ta taka birki, ta buɗe ƙafafu, ta sauka a tsaye kan fili ko kan wani jirgin ruwa. Ya sauko da fulas ɗin a hankali ya dire shi kusa da sukari.

"Ta da, huruj niha'i, fitar ƙarshe," ya ce. "Ta yanzu, fita da dawowa."

Ya yi dariya, sannan ya tuna da wa yake magana, ya ƙara min shayi.

Me suke nema a can? Wannan ita ce tambayar da manya suka fi yi mana, ba yara ba. Yara banɗaki suke tambaya. Wani malamin makaranta ya taɓa tsare ni a kanta, na ba shi amsar da muhandis ya ba ni. Akwai tasha a can sama da take zagaye duniya, mutane suna zama cikinta wata da watanni. Kumbo shi ne motarsu. Ya kai sababbi, ya laƙe a ƙofar tashar ba tare da iska ta fita ba, ya zauna nan yana jira, ko da wani abu zai faru a samu abin gudu. Idan lokacinsu ya cika ya dawo da su, da kayan gwajin da suka yi. A can abu ba shi da nauyi, don haka suna duba yadda ƙashin mutum yake raguwa, da yadda iri yake tsira, da yadda magani yake haɗuwa. Akwai wani tsohon samfuri mai fikafikai da yake sauka kamar jirgin sama, da shi aka riƙa zuwa gyaran wata babbar na'urar hangen taurari. Yanzu har masu kuɗi suna biya a kai su. Daga baya, da 'yan ƙasar nan biyu suka je, mace da namiji, ba mu huta ba wata uku, kowace makaranta tana son kumbo. Amma wannan gaba ne.

Aikin da aka ba ni a satin farko ƙafafun kujeru ne. Sai ka kwanta rigingine ka ɗaure, don a kumbo kwance ake tashi, gwiwa sama. Idan na gama sai in zauna in gwada. Tagar allo ce, tana nuna duniya tana wucewa a ƙasa. Muhandis ya nuna min Bahar Maliya, ya nuna min kogin garinsu. Na ce ina tamu ƙasar? Ya ce in jira. Sai ga hamada, sai ga wani ɗan tabo mai duhu, ya ce Tafkin Chadi ke nan, ku kuna yamma da shi kaɗan. Kafin in ɗaga yatsa an wuce. Duk minti shida hoton yake dawowa. Na gwada kujerun nan fiye da yadda suke buƙata.

A sati na uku muhandis ya tafi Jidda karɓo famfon man ƙafafu. Kwana uku zai yi. Ya bar min gyaran ƙofa, don ranar Alhamis za a buɗe baje koli a wani babban kanti, karo na farko tun annoba, kuma mai kamfanin zai zo da kansa. Ranar ce kuma za a yanke maganata. Ƙofa ta ɗauke ni rabin yini. Na wanke hannu na tsaya ina kallon ƙunar nan. Sati uku ina wucewa ta gabanta ina kau da kai. Na ce mutumin nan ya yi min kirki, kuma kunya ce ta hana shi ya ce in gyara. Zan nuna musu wanda suka ɗauka.

Ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Na goge ƙunar da sanfefa har ƙarfe ya fito. Na cike 'yan ramukan da na gani a gindin. Na yi shafin farko, na goge da ruwa, na yi na biyu, na yi na uku. Na rufe ido na bi shi da tafin hannu, ba lotsa ko ɗaya. Kumbo ya fito fari fat tun daga hanci har ƙasa, kamar ƙwai.

Ranar Talata da hantsi muhandis ya shigo da kwali a hannu. Ya tsaya. Ya ajiye kwalin a ƙasa a hankali. Ya zagaya kumbon sau ɗaya.

"Ya usta, ina ƙunar?"

"Na kawar da ita, muhandis. Ba sai ka gode ba."

Ya zauna kan kwalin. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ya zol, bawan Allah," ya ce, "sati biyu wani Bafilibine ya yi yana ƙona abin nan. Daga hoto, layi bayan layi. Ya tafi ƙasarsu lokacin annoba. Ni zane na iya, ban iya wuta ba."

"Da gangan aka ƙona?"

"Laifina ne. Na koya maka tafiya, ban kai ga dawowa ba. Zo nan."

Ya fito da waya ya nuna min. Ya ce gudun nan da roka ta ba kumbo, sai an karɓe shi kafin a sauka, kuma ba birkin da zai karɓa sai iska. Kumbo ya saki tasha, ya ɗan kunna inji ya rage gudu, ya juya faffaɗan gindinsa gaba, ya afka cikin iskar duniya. Iskar ta matsu a gabansa har ta zama wuta. Zafin ya fi wanda ke narka ƙarfe. Na ɗan lokaci ko magana ba a ji tsakaninsu da ƙasa. Abin da ke tsakanin wutar da bayan mutanen nan huɗu shi ne garkuwar da ke gindin, kaurinta bai fi tafin hannu ba. An yi ta ne don ta ƙone a hankali, tana zubar da toka, tana tafiya da zafin. Sannan ƙananan laimomi su buɗe, manya su biyo, ya faɗa teku, jirgin ruwa ya zo ya ɗauka.

Na ga hotonsa ana jawo shi daga ruwa. Baƙi, duk layi, kamar an ciro shi daga murhu. Aka buɗe ƙofa, ga mutane suna ɗaga hannu.

"Daga nan aikin irinku yake farawa," ya ce. "A wanke gishiri. A kwance shi. A sake garkuwa, a duba laima, a bi kowane bututu, wata da watanni. Kuma ba a shafe komai sai an karanta shi. Ƙunar ce take gaya musu inda zafi ya fi ci. Ɗaya daga masu fikafikan nan ya taɓa samun rauni a fiffike wurin tashi. Da ya zo dawowa wuta ta shiga ta nan. Ba wanda ya tsira."

Ya nuna farin fentina da tabarau.

"Wannan kumbo ne da bai taɓa zuwa ko'ina ba. Kowa yana da irinsa a hoto. Mu abin da muke nuna wa yara shi ne wanda ya je ya dawo. Ina tsayar da su a nan in ce su taɓa. Jibi me zan ce su taɓa?"

Ya ce mai kamfanin ba ya jin bayani, abin da ya gani shi ke nan, kuma ba zai yi masa ƙarya ba idan ya tambayi wanda ya yi. Ya ce fentin dai ya yi kyau, wallahi bai taɓa ganin irinsa ba. Wannan ta fi min zafi da a ce ya zage ni. Saura kwana goma sha tara a iƙamata.

Na ce ya buga min hotunan a takarda, manya. Ya dube ni, ya je ofis ya bugo guda shida.

Na jera su a ƙasa bayan azahar, na tsuguna a kansu har la'asar ta wuce. Da farko baƙi kawai nake gani. Daga baya na fara ganin abin da na sani. Shekara ashirin da wani abu ana kawo min motar da ta yi karo, kafin direba ya buɗe baki na san ta ina aka buge shi, da wane gudu, da ko ƙarya zai yi. Ƙunar nan ma haka take. Ba daidai ta hau ba. Gefe ɗaya ta kai kusan taga, ɗaya gefen ko rabi ba ta kai ba. Duk layin daga wuri guda suka taso a gindin, kuma ba tsakiya ba ne. Bayan kowane noti da kowane tudu akwai ɗan fili mai haske, inda wutar ta tsallake.

Na kira muhandis na ce, "Abin nan a karkace yake shigowa."

Ya leƙa. Ya ce, "Haka ne. Da gangan, don ya ɗan yi tuƙi. Wa ya gaya maka?"

"Ga shi nan a rubuce."

Bai ce in gyara ba, bai ce kada in taɓa ba. Ya ciro makullin sito daga aljihu ya ajiye kan kwalin famfo, ya tafi.

Masu aikin alminiyon sun san wani abu. Idan ka kunna bututun walda ka rufe iskar, ka bar gas kaɗai, wutar ba ta yanka, baƙin hayaƙi take zubarwa mai kauri. Da shi muke auna zafi idan za mu tausasa ƙarfe, kuma kullum gogewa muke yi bayan mun gama. Ban taɓa barinsa a jikin komai ba.

Washegari na yi asuba a masallacin unguwa, na buɗe sito, na manna hotunan shida a bango. Na jawo fanka na kafa ta a gindin kumbon, ɗan gefe, inda iskar za ta fito in da gaske ne. Na bi fentin da tafin hannu sau ɗaya. Sannan na kunna wuta, na rufe iskar bututun, na fara daga ƙasa.